Wada Pau: Ƙosan Dankalin Mumbai da Yadda Ake Haɗa Shi a Gida

A tsaye na fara cin wada pau, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Dadar da ke birnin Mumbai, shekarar da na raka Gwaggo jinya Indiya. Mun shiga sati na biyu ke nan, shinkafa da romon wake sun fita raina, ga shi ina ɗar-ɗar da duk naman da ban san wanda ya yanka ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta lura da yadda nake jujjuya cokali a kwano, ta ce in sauka titi in nemi wada pau, babu nama babu ƙwai a cikinsa. Sunan ya ba ni dariya, don mu a wajenmu Wada sunan mutum ne, wada kuma gajeren mutum. Da idona ya faɗa kan abin sai na ce ashe sunan bai yi ƙarya ba: ɗan dunƙulen biredi ne da bai wuce tafin hannu ba, an cusa masa ƙwallon dankalin Turawa soyayye.

Mai sayarwar ko ɗaga kai bai yi ya dube ni ba. Ya yago biredi ɗaya daga jeren da ke manne da juna, ya tsaga shi da wuƙa bai raba shi biyu ba, ya shafa wani koren haɗi a ciki, ya barbaɗa jan gari mai ƙamshin tafarnuwa, ya ɗauko ƙwallon dankali yana tiriri ya danna shi ciki har ya ɗan baje. Ya naɗe a guntun jarida tare da soyayyen koren barkono guda, ya miƙo mini. Kalma ɗaya ce ta fito daga bakinsa, "Tikha?", wato a ƙara yaji? Rufi 15 na biya, kuma kafin in gama laluben canji ya sallami mutum uku a bayana. Daga cizon farko na gane ɗan'uwan ƙosai da biredinmu ne, sai dai shi ya fi faɗa.

Tun dawowata na soya shi ya fi a ƙirga, na kuma ɓata da dama kafin hannuna ya faɗa. Abin da na fahimta shi ne, komai na wannan abinci an tsara shi ne don ma'aikaci mai sauri, mai ƙaramin aljihu, wanda hannunsa ɗaya kawai ke sake, ɗayan yana riƙe da jaka. In uwargida ta riƙe wannan a ranta, ba za ta faɗa kuskuren masu neman ƙawata shi ba. Shi ya sa sai mun ɗan leƙa inda ya fito kafin mu hura wuta.

Abincin 'yan masaƙa

Indiyawa na rubuta sunan da boko "vada pav", amma a bakinsu ya fi kusa da wada pau. Abin mamaki, manyan kayansa uku duk baƙi ne a ƙasar. Dankali da barkono daga nahiyar Amurka suka fito, Turawan Fotugal ne suka kawo su gaɓar yammacin Indiya, inda suka kama Goa a 1510. Har yau Maratawa, wato mutanen jihar Maharashtra, "batata" suke kiran dankali, kalmar Fotugal ce ba ko canji. Shi ma pau ɗin daga kalmarsu ta biredi aka aro shi. Akwai masu tsokanar cewa an sa masa sunan ne don da ƙafa ake kwaɓa shi, tunda kalmar ƙafa a Hindi ta yi kama da haka, amma wannan hirar shayi ce. Shi kansa birnin Mumbai, lokacin yana tsibirai ana kiransa Bombai, a hannun Fotugal yake, sai a 1661 suka sa shi cikin garar gimbiyarsu Katarina da za ta auri Sarki Charles na 2 na Ingila. Ki ji gara.

Auduga ce ta gina Bombai. An kafa masaƙar zamani ta farko a 1854, kafin a jima unguwannin Parel da Lalbaug da Byculla sun cika da masaƙu har aka riƙa kiran yankin Girangaon, ma'ana ƙauyen masaƙu. Maza suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka, musamman gaɓar Konkan, da yawansu sun baro iyali a gida, suna kwana cunkushe a ƙananan ɗakuna. Irin wannan mutum ba shi da mai girka masa, ba shi da lokacin zama.

Soyayyen ƙwallon dankali, batata wada, daɗaɗɗen abu ne a gidajen Maratawa. Pau ma yana nan a kowace unguwa. Haɗa su ne sabo, kuma labarin da ya fi yawo a bakin mutanen Mumbai yana danganta shi da wani Ashok Vaidya, wanda ya kafa ɗan tebur a bakin tashar Dadar a 1966. Dadar ba ƙaramar tasha ba ce, nan ne manyan layukan jirgin birnin biyu, na tsakiya da na yamma, suke haɗuwa, kuma daga nan ma'aikata ke gangarawa masaƙu. Ƙwallon dankali mai zafi ba ya riƙuwa a hannu, ga maiƙo. Sa shi cikin biredi ya kashe tsuntsu biyu: biredin ya zama faranti, ya kuma ƙara cika ciki.

Sai siyasa ta shigo, kamar yadda ta saba. An ƙirƙiri jihar Maharashtra a 1960, a 1966 kuma Bal Thackeray, wanda asali mai zanen barkwanci ne a jarida, ya kafa jam'iyyar Shiv Sena da kukan cewa baƙi, musamman 'yan kudancin Indiya, sun mamaye ayyukan birnin. A lokacin gidajen abincin 'yan kudu da ake kira Udupi, masu sayar da idli da dosa, wato irin wainar shinkafa da sinasir ɗinsu, su ke cin kasuwarsu. Jam'iyyar ta riƙa zuga matasan Maratawa su fito su kafa tebura, wada pau ya zama tamkar tutar 'yan gida. Har a 2009 sai da jam'iyyar ta fito da rumfuna masu sunanta, Shiv Vada Pav. Wannan ɓangaren tarihin ba mai daɗin ji ba ne, don kiran "namu ne" ya zo da tsangwamar wasu. Amma ciki bai san jam'iyya ba: yau Musulmi da Hindu da Kirista, ɗan kudu da ɗan arewa, kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa a gaban kasko ɗaya.

Abin da ya ƙara watsa shi kuwa masifa ce. A watan Janairun 1982 ma'aikatan masaƙa kusan 250,000 suka shiga yajin aiki ƙarƙashin jagorancin Datta Samant. Yajin ya haura shekara, masaƙu da yawa ba su sake farfaɗowa ba. Wanda ya san abin da ya faru da Kakuri a Kaduna bayan mutuwar masaƙu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Magidanta da dama da suka rasa aiki suka koma sana'ar da jarinta bai wuce kasko da murhu da buhun dankali ba.

Daga baya manyan 'yan kasuwa suka farga. McDonald's ya shiga Indiya a 1996, ya kuma gane dole sai da burgar dankali, McAloo Tikki. Jumboking ya buɗe a 2001, Goli Vada Pav a 2004, suna sayar da shi cikin shaguna masu fitila da takardar naɗi mai tambari. An ma ware masa rana, 23 ga Agusta. Shahararren ɗan wasan kurket Sachin Tendulkar, wanda ya koyi wasa a filin Shivaji Park da ke Dadar, bai taɓa ɓoye ƙaunarsa da shi ba. Duk da haka gidansa na gaskiya bakin tasha ne. Jiragen cikin birnin Mumbai na ɗaukar miliyoyin mutane a rana, kuma kowa cikinsu sauri yake.

To, mu shiga madafa. Awon da zan bayar na guda 8 ne.

Mataki na 1: Jan yajin tafarnuwa

Da shi nake farawa domin shi ne ran abincin. Ki yi wada pau babu koren haɗi, za a ci. Ki yi babu na tsamiya, wasu ma ba za su lura ba. Amma in babu wannan jan garin, abin da kika yi biredi da dankali ne kawai. Kamar tsire ne ba yaji.

Ki tanadi tafarnuwa dunƙule ɗaya babba a ɓare, gogaggiyar busasshiyar kwakwa rabin kofi, soyayyiyar gyaɗa babban cokali 3, riɗi babban cokali 1, garin jan barkono babban cokali 2, sai gishiri.

In ɗanyar kwakwa gare ki, ki goge ta ki baza a tire ta sha iska, don ruwa shi ne abokin gabar wannan yaji. Ki ɗora kasko a wuta kaɗan, ki zuba mai ƙaramin cokali ɗaya, ki soya tafarnuwar a ɗaiɗai ba tare da kin yanka ba, kina juyawa har ta yi ɗigo-ɗigon ja ta yi laushi. Kada ki bari ta yi baƙi, ƙonanniyar tafarnuwa ɗaci gare ta, kuma babu abin da ke gyara ta. Ki kwashe. A kaskon nan ki zuba kwakwar ki yi ta juyawa har ta koma ruwan zuma. Tana ƙonewa kan ki ce kwabo, saboda haka ba lokacin duba waya ba ne. Ki kwashe, ki gasa riɗin har ya fara tsalle.

Ki bar komai ya huce sarai, sannan ki haɗa da gyaɗa da barkono da gishiri a turmi. Turmi ya fi na'urar markaɗe a nan. Na'ura tana matso man kwakwa da na gyaɗa, sai ki ga abu ya dunƙule ya zama tunkuza. Abin da ake so gari ne mai ɓarzo-ɓarzo wanda zai barbaɗu. In dole sai da na'urar, ki riƙa kunnawa kina kashewa nan take.

Batun barkono: Indiyawa suna amfani da irin mai jan launi marar zafi sosai, kamar na Kashmir. Namu ɗan munci ya fi nasu cizo nesa ba kusa ba. Ni nakan haɗa garin busasshen tattasai cokali ɗaya da rabi da na barkono rabin cokali, sai launi ya fito, harshe kuma ya tsira.

Akwai sirrin masu tebur da zan ƙara miki a mataki na 6.

Mataki na 2: Kore da na tsamiya

Waɗannan ba su da wuya. Na koren, ki markaɗa ganyen koriyanda cikin hannu biyu, koren barkono 3, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗanyar citta kamar kan yatsa, gyaɗa babban cokali 1, ruwan rabin lemun tsami da gishiri. Ruwa kaɗan za ki sa, ya yi kaurin da zai shafu bai jiƙa biredi ba. In kina da na'ana'a ki jefa 'yan ganye.

Na tsamiyar kuwa kayansa duk 'yan gida ne. Ki jiƙa tsamiya cikin hannu ɗaya a ruwan zafi kofi ɗaya, ki murje ki tace. Ki zuba dabino 6 da kika cire wa ƙwallo, da ɓarin mazarƙwaila. Abin da Indiyawa ke kira gur, mazarƙwailarmu ce sak, ruwan rake ne aka dafa ya daskare. Ki dafa minti 10 zuwa 15 har dabinon ya narke, ki sa ɗan gishiri da barkono, ki markaɗa in da gudaji. Ya yi kaurin zuma.

Duka ukun nan za ki iya yin su tun jiya.

Mataki na 3: Biredin

Nan ne muke samun matsala. Pau na Mumbai, wanda suke kira ladi pau saboda a manne ake gasa shi jere-jere, laushi gare shi kamar auduga, ɓawonsa siriri, kuma ba shi da zaƙi. Yawancin biredin kasuwarmu sukari ya yi masa yawa, sai ya riƙa faɗa da tafarnuwa a baki. In saye za ki yi, ki nemi ƙananan dunƙule marasa zaƙi, na ranar. In ba ki samu ba, gasa naki bai kai wahalar da ake zato ba.

Fulawa kofi 3, yis ƙaramin cokali 2, sukari babban cokali 1, gishiri ƙaramin cokali 1, madara mai ɗumi kofi 1 da ɗan ƙari, bota babban cokali 2. Ki kwaɓa ya yi laushi har yana ɗan kama hannu, ki yi ta bugu minti 12 zuwa 15. Kada ki yi ta ƙara fulawa don ya daina danƙo, bugun ne zai gyara shi. Ki rufe ya tashi awa ɗaya, ki raba 9, ki mulmula, ki jera a tire da ɗan tazara kamar faɗin yatsa. Bayan minti 40 za ki ga sun kumbura sun haɗe kafaɗa, haka ake so, don gefen da ya manne shi ne ke zama mai laushi. Ki shafa madara a kai, ki gasa a zafin digiri 200 na minti 15 zuwa 18, da fitowa ki goga bota ki rufe da tsumma mai tsabta. Na tara ɗin na mai gashi ne.

Mataki na 4: Dankalin

Rabin kilo na dankalin Turawa, wato matsakaita 4 ko 5. Ki dafa shi da ɓawonsa, a dunƙule. Wannan maganar da tabo na koye ta. Karon farko feraye shi na yi na yayyanka kamar na fate, don ya yi saurin dahuwa. Ya sha ruwa ya yi caɓal, na mulmula da ƙyar, ina jefawa a mai ƙwallon ya fashe, man ya yi tsalle ya same ni a wuyan hannu. Maigidan da ya leƙo ya ga abin da ke yawo a kasko sai ya tambaya ko sabon salon fanke ne. Saboda haka da ɓawo, kuma da zarar wuƙa ta shige shi ba gardama ki tsame, ki bar shi ya sha iska tururin ya fice. Sannan ki ɓare ki marmasa da hannu ko bayan cokali. Kada ki daka, kada ki markaɗa, zai yi yauƙi. Ki bar 'yan ƙananan gudaji, suna da daɗi a baki.

Ki jajjaga tafarnuwa ƙwaya 7, ɗanyar citta kamar babban yatsa, da koren barkono 3 ko 4. In attaruhu za ki sa, ɗaya ya isa, kuma ki nemi kore.

Yanzu sai abin da Maratawa ke kira fodni, wato tayar da ƙamshin kayan yaji a cikin mai mai zafi. Ki sa mai babban cokali 1 a kasko. In ya yi zafi ki zuba ƙwayar mastad ƙaramin cokali 1, ki jira ta fara fashewa tana tsalle kamar gugguru. Jiran nan wajibi ne, mastad da bai fashe ba ɗaci yake. Sai ki sa ɗan hing a bakin cokali. Hing wani ƙaro ne mai ƙarfin wari, Larabawa na ce masa haltit, ɗanyensa ba ya shaƙuwa amma in ya ji mai sai ya koma ƙamshin soyayyiyar albasa. In babu, ki wuce abinki. Ki jefa ganyen kori kamar 10, sai jajjagen, ki juya na minti ɗaya har gafin tafarnuwa ya tafi, ki sa kurkum rabin ƙaramin cokali, nan take ki juye dankalin. Ki sa gishiri, ki gauraya har ko'ina ya yi rawaya, ki sauke. Ki matsa rabin lemun tsami, ki watsa yankakken koriyanda.

Hattara da ganyen kori. Wanda ake sayarwa da wannan suna a kasuwanninmu dangin ɗoɗɗoya ne, ba shi ne na Indiya ba. Nasu ganyen bishiya ne mai sheƙi, ya ɗan yi kama da na darbejiya. Garin kori na gwangwani ma wani abu ne daban, kada ya shiga nan. In ba ki samu na ainihi ba, gara ki bar shi gaba ɗaya.

Ki ɗanɗana. Ya kamata gishiri da yaji su ɗan fi yadda za ki ci shi haka nan, domin biredi zai shanye rabi. In ya huce ki raba 8 ki mulmula, kowanne kamar ƙwan kaza babba, sumul ba tsaga. Ta tsaga mai ke shiga.

Ba a sa albasa, ba a sa karas, ba a sa nama ko dafaffen ƙwai. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, mu da muka saba cika abu da kaya. Ki daure. Mabiya addinin Jain ma, da ba sa cin abin da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, da ɗanyar ayaba suke yin nasu, babu dankali babu tafarnuwa, amma su dalilin addini gare su.

Mataki na 5: Ƙullun

Ana yin sa da besan, garin wani wake da Indiyawa ke kira cana, wanda 'yan'uwanmu na Sudan suka sani da kabkabe. Ana samun sa a shagunan da ke sayar da kayan Indiya da na Larabawa a manyan garuruwa. In bai samu ba, ki surfa farin wake ki cire dusar, ki shanya ya bushe ƙarau, a niƙo miki shi laushi ki tankaɗe. Zai yi, sai dai gaskiya ƙamshinsa zai karkata wajen ƙosai, kuma bai kai besan kama jikin dankali ba.

Besan kofi 1, garin shinkafa babban cokali 1 don ƙarin ƙaras-ƙaras, kurkum kaɗan, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki riƙa zuba ruwa da kaɗan-kaɗan kina damawa, wajen rabin kofi zuwa sama kaɗan. Kaurin shi ne komai. Ki tsoma cokali ki ɗaga: in ya lulluɓe bayan cokalin yana zuba a hankali kamar kunu mai kauri, ya yi. In ya tsinke, zai zame ya bar dankali tsirara a cikin mai. In ya yi kauri da yawa, za ki samu bargo mai ɗanyen ciki. Ki bar shi ya huta minti 10. Dab da suya ki sa sodar girki ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, da cokali ɗaya na man da ke kan wuta, ki buga sosai. Soda in ta yi yawa ƙullun mai zai yi ta sha.

Mataki na 6: Suya

Kasko mai zurfi, mai ya isa ya rufe ƙwallon, kamar dai na ƙosai. Man gyaɗa ya dace, a Maharashtra ma an saba girki da shi. Wuta matsakaiciya. Ki ɗiga ƙullu ki gani: in ya nutse ya taso nan da nan yana ƙyalƙyala, mai ya yi. In ya zauna a ƙasa, da saura. In ya yi ja tun kafin ki ƙifta ido, ki rage wuta. Mai ma'auni ta nemi digiri 175.

Ga sirrin da na yi miki alkawari. Kafin ki fara, ki tsoma yatsu a ƙullun ki yarfa a cikin mai. 'Yan ɓarɓashin da za su soyu su ake kira cura. Ki tsame su in sun yi ja, ki daka rabi cikin jan yajin nan na mataki na 1. Haka masu tebur da yawa ke yi, yana ƙara wa yajin auki da daɗi. Sauran rabin ki ajiye. Akwai wani mashahurin tebur kusa da Kwalejin Kirti a Dadar da ya yi suna saboda cusa wannan ɓarɓashi cikin biredin.

Yanzu ki ɗauki ƙwallo, ki tsoma a ƙullu ki juya shi ya rufu ko'ina, ki ɗaga da yatsu ki bar rarar ta ɗiga, ki sake shi a hankali daga gefen kasko. Uku ko huɗu a lokaci guda, kada ki cika, mai zai huce. Ki ƙyale su rabin minti kafin ki taɓa, sannan ki riƙa juyawa da matsami. Minti 3 zuwa 4 sun isa. Ki tuna cikin dafaffe ne, rigar kawai ake soyawa. Launin da ake nema rawaya mai ɗan duhu, ba jan ƙosai ba. Ki tsame a kwando su tsane.

Kafin ki sauke mai, ki ɗauko dogayen korayen barkono marasa zafi sosai, ki tsaga kowanne da wuƙa, ki soya na rabin minti har fatar ta yi fari-fari, ki barbaɗa gishiri. Tsagawar ba ado ba ce. Barkonon da ba a huda ba bindiga yake yi a cikin mai.

Mataki na 7: Haɗawa

Nan sauri ake so, kuma masu ci su kasance a kusa. Ki tsaga pau ki bar bayansa a manne kamar littafi, wannan shi ke hana kaya zubowa a hannu ɗaya. Ki shafa koren a gefe guda, na tsamiya kaɗan a ɗaya gefen, ki barbaɗa jan yajin ba rowa. Ki sa wada mai zafi, ki ƙara 'yar cura, ki rufe ki danna da tafin hannu har ƙwallon ya fashe ya baje ya kai gefe-gefe. Dannawar nan ita ke sa mai da yaji su ratsa biredin. Barkonon a gefe yake zama, ana cizon wada pau a ɗan gutsuri barkono.

Ba a gasa biredin a asali, ba a sa cuku, ba latas ba tumatir ba mayonis. Shagunan zamani suna yin duk wannan, har da mai miyar 'yan Sin, kuma suna samun masu saye. Ni dai na ci, na ga kamar an sa wa ɗan dako babbar riga.

In baƙi za ki yi wa, ki mulmula dankalin ki haɗa yajin tun da rana, suya kawai za ki bari sai sun zauna, domin wada da ya kwana ko ya huce rigarsa saki take yi. A Mumbai da rabin kofin shayi mai madara da citta ake kora shi, wanda suke kira katin cai. Ragowar jan yajin kuma ki zuba a kwalba busasshiya ki sa a firij, zai yi sati biyu. A gidana dai bai taɓa kai wa haka ba, don yaran sun gano yana tafiya da ɗanwake.